Jego a Irlanda, Gaba a Kambo

Tun da na dawo daga ƙasar Ireland, wadda mu nan muke ce wa Irlanda, bakina bai huta ba. In na je ɗibar ruwa a tambaye ni, in na je gaisuwar mutuwa a tambaye ni, har a motar Sinja wata mata da ban taɓa gani ba ta juyo ta ce wai ni ce wadda ta je ƙasar da ba a ganin rana? Wasu labarin sanyi suke so, wasu so suke su ji ko 'yata Nafisa ta sayi mota. Akwai kuma masu tambayar Irlanda da baki, alhali maganar Garba suke so in taɓo. To, ga shi zan faɗa sau ɗaya, duka biyun, wanda ya sake tare ni in miƙa masa takarda ya karanta da kansa.

Sai na fara da gona, don ba za a gane tafiyar ba sai da ita. Mu mutanen kambo ne, unguwar masu aikin gona da ke bakin tur'a, wato babban magudanar ruwan noma, kusa da garin Wad Haddad, a nan Sudan. Kakannin iyayenmu daga ƙasar Sakkwato suka taso, suka zauna nan, amma har yau yawancinmu ba mu da hawasha, gonar da aka yanka wa mutum da sunansa. Noman raba-daidai muke yi: mai hawasha ya ba da ƙasa, mu ba da ƙarfi, in amfani ya zo a raba biyu. Haka mijina marigayi Malam Isa ya riƙe wata hawasha tun kafin in haifi Nafisa. Shi ya baje tudun da ke cikinta, shi ya yaƙi ƙuduji mai kashe dawa har ya rabu da ita. Ni ina koyarwa a firamare, in na tashi in bi shi. Dawar gonar nan ce ta kai Nafisa jami'a har ta zama likita. Da Malam Isa ya rasu, ni da ɗana Usmanu muka ci gaba.

Mai hawashar ma ya rasu, ta faɗa hannun ɗansa da ke zaune Saudiyya, wanda bai san ta ina ruwa ke shiga gonar ba. Wakili gare shi, mai farar jallabiya da motar ɗaukar kaya. Ana gab da shuka wakilin nan ya zo ya ce mu dakata, maigida yana tunani. A cikin wannan dakatawar ce Nafisa ta bugo ta ce haihuwa ta matso, biza ta fito, in taho. Na bar wa Usmanu maganar gona na tafi da rabin hankalina.

Kayan da na ɗauka ba nawa ba ne, na matan kambo ne. Kowace ta kawo abin maijego: busasshiyar kuɓewa, busasshen nama, daddawa, garin kunu, itacen ɗalha na turare. Saude, matar Garba ɗan ƙanen baban mijina, ta kawo kanwa ƙulli guda, ta rungume ni tana kuka kamar wadda za a kai kabari. Na ce mata jego zan je, ba yaƙi ba. Ban kawo komai a raina ba.

An yi ruwa kwana biyu kafin tafiyar, kuma kowa ya san lakar yankinmu na Jazira. Amalanken jaki ya kai mu bakin kwalta, muka iso ni da akwati duk launinmu ɗaya. Yaron motar Khartum ya ɗaga akwatin ya ajiye, ya tambaye ni ko dutsen niƙa na saka a ciki. A filin jirgi ma'auni ya goyi bayansa. Sai ga ni tsugune a tsakiyar mutane, da sabon mayafina, ina zazzage kaya ina zaɓen wadda zan ɓata wa rai a cikin matan kambo. Garin kunu ya koma gida tare da Usmanu, da rabin itacen.

Mun sauka a wani gari don canjin jirgi. Filin jirginsu ya fi Wad Haddad girma, kuma duk girman nan babu buta ko ɗaya. Ina yawo da gorar ruwa a hannu sai na ji Hausa a bayana, wani ɗan kasuwa ne daga Kano yana faɗa a waya. Na yi masa sallama, muka gaisa. Da na ce masa jiya munka taso, sai ya fashe da dariya ya ce rabonsa da jin irin wannan Hausa tun rasuwar wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Da na ce daga Sudan nake, ya tambaye ni yaushe na je. Na ce can aka haifi kakata. Bai yarda ba sai da na nuna masa fasfo. Duk da haka shi ya raka ni har ƙofar jirgina, Allah ya saka masa.

A Dublin jami'in da ya duba fasfo ya yi ladabi ƙwarai, ya tambayi wa na zo gani da yaushe zan koma, na lallaɓa da Turancin makaranta da ya yi tsatsa. Matsalar tana gaba, wajen kaya. Kare ne ya fara tona mini asiri, ya zo ya zauna kusa da akwatina kamar mun saba. Suka ɗauke naman duka, wai ba a shigowa da nama. Wata ma'aikaciya ta buɗe daddawa, ta ja da baya, ta rufe ta mayar mini. Kanwar Saude ce ta tsayar da mu. Suka juya ta, suka kira wani, shi ma ya juya. Na rasa Turancin kanwa, sai na ɓalli kaɗan na lasa a gabansu. Suna ta ba ni haƙuri suna murmushi, amma naman bai dawo ba.

Mustafa mijin Nafisa, shi ma likita ne, ya ɗauko ni muka nufi yammacin ƙasar. Gonaki ne ƙanana, kowace an zagaye ta da katangar duwatsu, ciyawa shar, tumaki ko'ina, amma ba mutum ko ɗaya a ciki. Na tambayi Mustafa ina manoman, ya ce suna nan. Har na baro ƙasar ban ga inda suke ba.

Nafisa ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Isa. Na yi shara, na dafa shayi babban tulu, na zauna jiran 'yan barka. Shiru. Takardu ne suka riƙa shigowa ta wata kafa a jikin ƙofa, masu hoton jariri, wai barkar ke nan. Nafisa ta ce a nan ba a zuwa gidan mutum sai an buga masa waya an sa rana. Na ce to idan mutum ya mutu fa? Ta ce a nan ne suke cika gida. Ranar suna da mu da baƙi ba mu cika falo ba, ragon ma a leda ya zo yankakke. Wankan jego kuwa sai da muka yi rigima, ita tana kawo mini hujjar asibiti, ni ina kawo mata hujjar cewa da shi na haife ta na tashi. Muka tsaya a tsakiya: ruwan zafi daga famfo, babu ganye. Abinci dankali ne, in an gaji da dafaffe a soya, in an gaji da soyayye a daka. Madararsu dai ban taɓa shan irinta ba, wannan gaskiya ce.

Wata safiya na ce yau kam sai maijego ta yi turare. Na kunna gawayi a ɗan kasko a kicin na ɗora ɗalha. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu da ke manne a silin ya fara ihu, wani a sama ya amsa masa, jariri ya shiga na uku. Ina tsaye da kasko ban san inda zan ajiye ba sai ga wata tsohuwa ta faɗo gidan babu sallama, babu waya, babu sa rana. Ta buɗe tagogi, ta hau kujera ta kashe abin, sannan ta tsaya tana shaƙar hayaƙin ta ce yana da daɗi. Ita ce Nora, maƙwabciyarsu, malamar makaranta ce ita ma da ta yi ritaya. Daga ranar na sami gidan zuwa. Wajen shayi mutanen nan 'yan'uwanmu ne: in ka ce ka ƙoshi ba su ji, sai sun tambaya har ka gaji ka karɓa.

A gidan Nora nake lokacin da Usmanu ya bugo. Tun daga gaisuwarsa na san akwai magana, don ya tambayi lafiyar jariri har sau uku.

"Inna, an shuka hawasha," ya ce. "Baffa Garba na. Shi yat tai wurin wakili, yac ce ya yarda a raba uku, masu hawasha su ɗauki biyu."

"Wane Garba?"

"Garba nawa muke da su, ya Inna?"

Na ajiye wayar. Garba da Malam Isa ya yi wa aure. Garba da ya ci tuwon gonar nan tun yana yaro. Sai a lokacin na gane kukan Saude. Ban yi niyyar faɗa wa Nora ba, amma ta ga fuskata, ni kuma na cika, sai na zazzage mata da Turancina mai ɗingishi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ranar Asabar in shirya, akwai inda za ta kai ni.

Wani ɗan gidan tarihi ne a ƙauye, Nafisa ta biyo mu da jariri don ta riƙa fassara mini. An gina shi don tunawa da wani ɗan siyasarsu na zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. Sunansa ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa ce masa Baban Manoma, Nora kuma ta ce sunan ya dace. A zamaninsa, in ji su, ƙasar noma tana hannun wasu 'yan tsirarun masu gida, da yawansu suna zaune Ingila, wakilai ke karɓar musu haya. In manomi ya gyara gona, ya kwashe duwatsu, ya yi magudana, sai a ce gona ta yi kyau, haya ta ƙaru. In ya kasa biya a fitar da kayansa waje a rushe ɗakin. Na ce wa Nafisa ta tambaya ko masu gidan nan ba Saudiyya suke ba. Ta ce in yi a hankali, mutane na kallonmu.

Shi wannan mutum ɗan irin waɗannan manoma ne, yana yaro aka kori iyayensa. Ya taso da abin a ransa, ya shiga gwagwarmaya, aka ɗaure shi, ya fito bai saduda ba. Ya riƙa bi ƙauye-ƙauye yana tara manoma a fili, shi da abokansa suka kafa ƙungiya. Abin da suke nema ba mai yawa ba ne: haya ta adalci, kada a kori wanda ke biya, kuma wahalar da mutum ya zuba a gona kada ta tafi a banza. Daga baya aka zaɓe shi majalisa, ya je har gidan masu mulkin ya faɗa musu a fuska. Ya yi faɗa da abokan gaba, ya yi da abokan tafiya ma, don ba kullum suke jituwa a kan inda za a tsaya ba. A ƙarshe dai doka ta canja, aka ba manoma rance suka sayi gonakin da suke haya. Nora ta ce gonar da aka haifi babanta a ciki ta wannan hanya ta zama tasu. Na daɗe a gaban hotonsa. Na ji kishi, wallahi, irin wanda mutum ke ji in ya ga 'ya'yan wani sun yi hankali.

Na tambayi Nora abin da ya fi damuna: in an kori mutum, wani ya zo ya karɓi gonar, me suke yi masa? Ta ce ba a taɓa shi, an hana duka. Ƙaurace masa ake yi. Ba mai gaishe shi, ba mai sayar masa, ba mai yi masa aiki, in ya zauna a coci a bar masa benci shi kaɗai. Haka kuma ake yi wa wakilin mai gida, har amfaninsa ya rasa mai girba. A hanyar dawowa ta nuna mini wani gida can gefen tudu, ta ce kakannin masu gidan sun taɓa karɓar gonar wani, kuma har lokacin da take yarinya babanta bai yarda ta shiga gidan ba. Sai ta tambaye ni ko Garba yana da wata gonar. Na ce ba shi da ko taki ɗaya, ga 'ya'ya cike da gida. Ta mayar da idonta kan hanya. Tambayar nan ba ta yi mini daɗi ba, amma ban tsaya a kanta ba.

Muna isa gida na ɗauki waya na yi wa Usmanu dogon saƙon murya, na ce ya kunna wa jama'a bayan sallar Juma'a. Na ba su labarin Baban Manoma, na ce in an bar wannan ta wuce, gobe kowa gonarsa ce za a yi wa ciniki. Na lissafa musu yadda ake yi dalla-dalla, kamar ina gaban allo. Usmanu ya ce jama'a sun ji, har wani tsoho ya yi hawaye, kuma an amince baki ɗaya. Na kwanta ranar ina jin kamar ni ma a rataye hotona a bango.

Abin da ya biyo baya shi ya fara sa mini ciwon kai. Da aka tashi taro, dattawa suka ga bai dace a fara gaba da mutum bai sani ba, kada ya ɗauka wani abu ne. Sai aka tura mutum biyu su sanar da Garba, su kuma ba shi haƙuri. Ya kawo musu shayi suka sha, tunda gabar sai gobe za ta fara. Washegari Liman ya tunatar da cewa amsa sallama wajibi ne. Garba kuwa ba wawa ba ne, duk wanda ya gamu da shi sai ya rangaɗa masa sallama, a amsa, kuma wanda ya amsa sallama ina zai sa fuskarsa ya ƙi amsa ina kwana? Mai kanti ya daina sayar wa Garba, yana sayar wa 'ya'yansa. Da yamma in maza sun fito da tire-tire a ci tare a kan tabarma kamar kullum, tiren gidan Garba ma ya fito. Aka yi shawara aka gano cewa cin abinci ba magana ba ce. Sai a ci shiru, mai son gishiri ya nuna da yatsa, Garba ya miƙa masa.

Ban gama haɗiye wannan ba Usmanu ya sake bugowa.

"Inna, Liman ya ce ba ya halatta Musulmi shi ƙaurace ma ɗan'uwa nai fiye da kwana ukku."

"To, sai aka fasa?"

"A'a, ba a fasa ba. Muna yi kwana ukku, ran na huɗu mu tai mu gaishe shi, mu tambayi iyali. Sannan mu koma."

Na tambaye shi ko wasa yake yi da ni. Ya rantse ba wasa ba ne, har an sa wanda ke tuna wa mutane ko yau ranar gaba ce ko ranar gaisuwa, don ana yawan rikicewa. Ya ce Garba da kansa yakan tambaya da safe don ya san yadda zai fito. Na zauna a kicin ɗin Nafisa, ruwan sama na dukan taga, na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Da na ba Nora labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce da mutanenta sun san wannan dabara da an rage baƙin ciki da yawa. Ni ban ga abin dariya ba, gonata ce ake wasa da ita.

Na sake yin saƙo, wannan karon gajere. Na ce su gaishe shi safe da yamma in sun ga dama, su ci da shi, su yi masa tausa ma. Abu biyu kawai nake roƙo. In dawa ta nuna ya kira gayya, kada kowa ya je. In wakili ya zo rabo, kada a shimfiɗa masa tabarma, kada a ɗora masa buhu. Usmanu ya ce an kai wa Liman, ya ce hukuncin kwana uku na magana ne, bai shafi lauje ba.

Lokacin komawa ya yi, sanyi ya fara shiga ƙashi. Nora ta ba ni rigar ulu da ganyen shayi. Nafisa ta raka ni filin jirgi tana hawaye, tana cewa in rabu da gonar nan, ita za ta riƙa aiko mini da duk abin da nake so. Na ce mata ba yunwa nake tsoro ba. Ta ce to mene ne? Sai na karɓi jikana na ƙara rungume shi. Dawowa ba ta yi wuya ba, akwatin da babu daddawa ba mai kula shi.

Na iso kambo dawa ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka. Ban gama karɓar 'yan sannu da zuwa ba aka ce Garba ya sa ranar gayya. Ya yanka akuya, wadda na san ita ke nan gare shi, Saude ta kwana tana girki. Da hantsi na fita na hau gaɓar tur'a inda ake hango gonar. A wannan karon mutanen kambo sun cika alkawari, ba wanda ya je. Tukwane na jere a gindin bishiya a rufe. Garba da Saude da 'ya'yansu ne kawai a cikin dawar, sun shige har ba a ganin su sai motsin kara.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya ina jin daɗin nan na ɗan lokaci, sai ya fara gushewa, na riƙe shi ya ƙi zama. Dawar ta yi kyau irin wanda Malam Isa ke so, ga tsuntsaye suna sauka a kanta garke-garke, ga Saude da ciwon bayanta da na sani. Na koma gida ina zagin Garba, ina zagin kaina, na ɗauko wuƙar yanka na shiga gonar. Saude ta ɗago ta gan ni, ta matsa ta bar mini kunya guda. Na yi zaton in jama'a suka gan ni za su biyo. Ba wanda ya biyo. Usmanu ya zo bakin gona ya ce ai ni na ce kada a je, su kuma sun yi rantsuwa a gaban Liman. Abu ɗaya da suka iya riƙewa ke nan a duk darasin. Aikin yini guda ya ɗauke mu kwanaki, tsuntsaye suka kwashi rabonsu kafin kowa.

Ranar rabo motar wakili ta shigo kambo. Ina tsaye a masussuka ina jiran in ga rabi na biyu na saƙona. Sai na ga an fito da gadon igiya an kai inuwa, an shimfiɗa darduma a kai. Shayi ya fito daga wani gida, gahawa daga wani, har da dabino. Samari suna rige-rigen ɗora masa buhuna. Na je wajen dattawa na tambaye su ko ba su ji abin da na ce game da wakili ba.

"Mun jiya, Ustaza," in ji babbansu. "Amma baƙo na. Ba a yi ma baƙo haka."

Wakili ya ɗauki biyu ya bar ɗaya. Yana kurɓar gahawa ya yaba karamcin mutanen kambo, ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Sannan ya ƙara da cewa, kada ya manta, maigida ya gama tunani. Wani ɗan kasuwa daga garin Madani zai karɓi hawashar haya baɗi, yana da injuna, ba ya bukatar abokin noma. Ya yi addu'a, aka shafa, har da masu raka shi mota.

Bayan la'asar na ji sallama a ƙofa, Garba ne. Na yi tanadin maganganun da zan faɗa masa tun ina Irlanda, wasu ma na maimaita su a jirgi. Ya tsuguna can nesa da tabarma, ya rame, ya riƙe hularsa a hannu. Na jira ya ba ni haƙuri ko ya kare kansa, bai yi ko ɗaya ba.

"Ustaza," ya ce, "wanga mutum na Irlanda. Mi yac ce a yi ma wanda yak karɓi gonar wani, in shi ma an karɓe mai?"

Na duba duk abin da na gani a gidan tarihin nan, da duk abin da Nora ta faɗa mini.

"Ban sani ba, Garba," na ce. "Ba su rubuta wannan ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗan zauna, ya tashi ya tafi. Da ya fita na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Usmanu ya bugo mini waya.

Baɗi ba ni da gona, Garba ma ba shi da ita. An fara tsinkar auduga, kuma ni da Saude muna fita tare aikin yini a hawashar wani mutum, kada wanda ya gaya wa Nafisa. Hanya mafi kusa ta gefen gonar Malam Isa ta bi. Ba mu taɓa yin shawara a kai ba, amma kullum ta bayan tur'a muke zagawa.